Zaman da Aka Koya wa Auta

Lahadi, da hantsi

Auta bai kwana a gida ba. Na rubuta ne don in gani ko a kan takarda zai yi kama da gaskiya, kuma ya yi.

Babur ɗinsa yana nan a tsakar gida. Da ƙafa ya tafi zanga-zanga a dandali jiya, shi da sauran malaman makarantarsu. Da yamma suka dinga dawowa ɗaya-ɗaya, idanu jajur saboda barkonon tsohuwa, wani ko takalmi babu. Duk wanda na tambaya sai ya ce, "Yaya, mu dai gudu muka yi." Na ƙarshensu, mai koyar da tarihi, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa. Ya ce da motocin 'yan sanda suka taho kowa ya watse, shi kuwa ƙanena ya zauna. A tsakiyar kwalta ya zauna, ya ɗora hannuwa a kan gwiwa, yana kiran mutane su dawo su zauna. 'Yan kaɗan suka dawo, da su aka haɗa aka kwashe.

Inna ta miƙe. Ta shiga ɗakinsa ta fito da sabon maganin shaƙarsa na asma, ta ajiye a gabana. Na aljihunsa ya kusa ƙarewa, na sani, don ni na yi ta masa faɗa har ya sayi wannan, ya kuma bar shi a kan tebur.

Lahadi, bayan la'asar

Na zaga ofisoshin 'yan sanda har ƙafata ta kumbura. A na ƙarshe wani saje mai ƙaton tumbi ya ce yana nan, amma ba a ganinsu. Na miƙa maganin.

"Malama, ba a karɓar komai daga waje. Ko allura."

Na ce masa numfashin yaron ne a cikin robar nan. Ya ce in kawo shaidar likita. Ranar Lahadi, da yamma.

Litinin, da safe, a wurin aiki

Shekaru na yi ina jera littattafai a cibiyar al'adun nan ta ofishin jakadancin wata babbar ƙasa, ban taɓa roƙon su komai ba, ko ƙarin hutu. Direban cibiya ba ya kiran ƙasarsu da sunanta, Uwar Ɗaki yake ce mata, wai duniya kaf a ɗakinta muke, ita ke cewa wane yaron kirki ne, wane kuma a ja masa kunne. Yau na wayi gari ina fatan Uwar Ɗakin ta san ni.

Hoton yana nan a bango, tsakanin ɗakin karatu da ofishin Darakta: Jakada yana riƙe da hannun Auta, Auta ya washe baki kamar shi ya ci zaɓe, takardar shaida a ɗaya hannun. Bara ne. Ya zo ɗaukata a babur, ya ga sanarwar horon da ake wa matasa kan neman haƙƙi cikin lumana, ya shiga. Daga can Uwar Ɗaki aka turo mai horon, wani dogo mai furfura, yaran suka sa masa Malam Zauna, saboda karatunsa duka bai wuce wannan ba. In sun taho kada ka gudu, wanda ya gudu ya yi kama da mai laifi. Zauna, hannu a gwiwa, baki a rufe. Duniya tana kallo, kuma mu ba ma barin namu.

Na tuna daren da Auta ya dage sai ya koya wa Inna. Ta biye masa, ta zauna a ƙasan falo da ciwon gwiwarta, ta ɗora hannuwa, ta haɗe rai kamar gaske. Da ta zo miƙewa abu ya gagara. Ta ce, "Kai ɗan banza, ka koya min zama, wa zai koya min tashi?" Mu biyu muka ɗaga ta, muna dariya har da hawaye.

Darakta ta rungume ni. Kalma ɗaya ta riƙe da kyau a harshenmu, 'yar'uwa, kuma da ita take kiran kowa har mai shara. Ta ce, "'Yar'uwa, yau ɗin nan zan yi magana da Jakada. Amma irin wannan a hankali ake bi, ta bayan gida." Na fito raina ya ɗan yi sanyi. Na ma yi wa Inna waya na ce ta ci abinci.

Talata, da azahar

Na kai shaidar likita. Saje ya ce sai ta likitansu. Likitansu ya tafi taro.

Laraba, da safe

Hoton ba ya bango.

Sai ƙusa, da wani murabba'i inda fenti ya fi haske. Na tsaya ina kallonsa har mai shara ya zagaye ni da tsintsiya. Darakta ta ce ita ta sa a sauke, wai don a kare shi, kada wani ya gani ya yi amfani da shi. Na ce to. Me zan ce? Na koma na jera mujallu, na jera su a juye, sai da wata ɗaliba ta nuna min.

Alhamis, da yamma

Tafintarmu tana hutun haihuwa, ni ake ba fassara kwanan nan. Yau aka kawo sanarwa biyu, aka ce a gama kafin a tashi.

Ta farko a kan ƙasar da ke ƙetaren kogi ce, wadda ba ta ga maciji da Uwar Ɗaki. Can sun kama wata ɗaliba da ta zauna a ƙofar majalisarsu. Sanarwar ta cika shafi. Muna Allah wadai da kakkausar murya. Zama cikin lumana ba laifi ba ne. A sake ta nan take, ba tare da wani sharaɗi ba. An ambaci sunanta, da shekarunta, da abin da take karantawa, har da cewa tana son kiwon kyanwa.

Ta biyun tamu ce, layi biyu da rabi. Muna bibiyar al'amura cikin damuwa, muna kira ga dukkan ɓangarori su kai zuciya nesa.

Dukkan ɓangarori. Ɓangare ɗaya yana cikin mota mai sulke, ɗayan yana zaune a kan kwalta da asma. Ban san ina Auta zai ƙara kai zuciyarsa ba.

Na fassara su da kyau. Ta yarinyar ma na fi ƙawata ta, don ita ba ta yi min komai ba, kuma tana da uwa.

Juma'a, a mota, hanyar gida

Direba ya rage min hanya. Da muka tsaya a danja ya buɗe aljihun mota ya nuna min wani gwangwanin barkonon tsohuwa da ya ƙone ta gefe. A dandali ya tsince shi ranar Lahadi. Ya ce, "Malama, ke ce mai karatu, karanta min." Rubutun da harshen Uwar Ɗaki yake, har da gargaɗin kada a harba a kusa da mutane.

Ya ce, "Kin gani? Su suka sayar da hayaƙin, su suka koyar da zama a cikinsa. Ko'ina suna da shago."

Na ce ya rufe min baki. Bai rufe ba. Ya ce in tambayi kaina ina jiragen yaƙinsu suke kwana, ba a filin bayan garinmu ba? Kuma watan gobe ne za a sabunta yarjejeniyar filin, Babban Baƙo da kansa zai zo daga can ya sa hannu. "Kina ganin za su ɓata wa mai masaukinsu rai saboda malamin lissafi?"

Na ji haushinsa sosai. Ban yi masa sallama ba da na sauka.

Asabar

Maganin yana jakata. Ina taɓa shi ta waje kamar yadda ake taɓa waya.

Lahadi, bayan labaran yamma

Sun nuna hoton a talabijin.

Wancan hoton dai, Jakada da Auta, amma sun zagaye fuskar Auta da jan layi. Mai karanta labarai ya ce ga hujjar cewa daga waje ake juya su. Jakada kam ba a zagaye tasa ba, ba a ma ambace shi ba, sai ka ce Auta da iska yake gaisawa.

Inna ta ce, "Ai sun san shi. Ga hannunsa a hannun babbansu. Gobe za su fito su ce nasu ne." Ta faɗa da ƙarfin gwiwa har na kasa kallonta. Na tashi na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Litinin, da rana

Lauyan da muka ɗauka ya ce abin ya canza, yanzu tuhumar yi wa ƙasar waje aiki ce, babu beli. Amma ya ce tuhumar ba ta da ƙafa. Horon a fili aka yi shi, da izinin ma'aikatar matasa, wakilinta ma ya zo ya ci abinci ya yi jawabi. Jimla ɗaya yake so daga ofishin jakadanci: mu muka shirya, gwamnati ta sani. Ya ce da wannan ko gobe zai fito da shi, ko aƙalla a kai shi asibiti.

Jimla ɗaya. Ni da na fassara musu shafi guda a kan kyanwa.

Talata, da safe

Na shiga wurin Darakta ban ƙwanƙwasa ba. Na faɗa mata abin da lauya ya ce. Ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi.

"'Yar'uwa, in muka yi magana yanzu, mun tabbatar musu da abin da suke faɗa."

"Madam, in kuka yi shiru fa, me kuka tabbatar?"

Ta ce ba ita ke yanke shawara ba, daga gida ake turo kalmomin, ko waƙafi ba ta isa ta canza ba. Idonta ya kawo ruwa, kuma na yarda ba na ƙarya ba ne. Wannan ya fi ba ni haushi. Da ta yi min tsawa da na san inda zan sa ta.

Na tambaye ta Malam Zauna, ko za a iya samunsa a waya. Ta ce yana ƙetaren kogi, a kan iyaka, yana horar da matasansu.

Laraba, da azahar

Wani ɗan jarida ya tambayi mai magana da yawun ofishin jakadanci game da hoton. Amsar ta zo teburina don fassara: Dubban mutane ne ke halartar shirye-shiryenmu, ba ma tsokaci a kan ɗaiɗaikun mutane.

Na fassara. Ban canza ko kalma ɗaya ba, ina so a san wannan.

Alhamis

Saje ya daina ɗaga kai in na shigo.

Juma'a, da yamma

Za a yi taron kunna kyandir don ɗalibar ƙetare a babban zauren cibiya, ranar da Babban Baƙo zai zo. Ni aka ɗora wa shirya wurin: kujeru, furanni, kyandirori, hotonta babba a gaba. Hoton ya iso ba firam, aka ce a duba sito.

Direba ne ya kawo shi a sanye. Ya ajiye a kan teburina bai kalle ni ba, ya fita. Firam baƙi ne mai zaren zinariya, kusurwarsa ta hagu ta ƙasa ta ɗan ɓalle. Na san ɓallin nan. Ina tsaye bara lokacin da ya suɓuce daga hannun Direba, Auta ya ce a bar shi haka, ai ya fi kama da mu.

Yarinyar kyakkyawa ce, tana da wushirya. Firam ɗin ya yi mata daidai, kamar don ita aka auna.

Na shiga sito. Hoton Auta yana bayan kwalayen tsofaffin kalanda, a naɗe, an ɗaure da roba. Na sa shi a jakata kusa da maganin.

Lahadi, da sassafe

Mai koyar da tarihi ya zo a guje. Wani mai gadin gidan yari ya gaya masa an kai Auta babban asibiti tun jiya. Ban gaya wa Inna ba, na ce kasuwa zan je.

Lahadi, da la'asar

Na gan shi.

Wata nas ce ta ja ni ta ƙofar da ake fitar da kayan wanki, ta ce minti kaɗan, ɗan sandan ya je sayen sigari. Ba zan rubuta yadda ya koma ba. Akwai robar iska a fuskarsa, akwai sarƙa daga ƙafarsa zuwa ƙarfen gado, ko ina suke tsoron ya je oho.

Na fito da maganin. Nas ta girgiza kai ta ce an wuce nan.

Ya janye robar da kansa. Sai da na kai kunnena bakinsa.

"Yaya, ban gudu ba."

Na ce na sani.

"An nuna mu? Sun gani?"

Na ce an nuna. Na ce duniya duk ta ɗauka, Jakada ya yi magana, har daga can gida sun yi Allah wadai da kakkausar murya, sun ce zama cikin lumana ba laifi ba ne, a sake ka nan take ba tare da sharaɗi ba. Kalmomin suna bakina a shirye, ni na fassara su. Ya lumshe ido, ya ɗan ɗaga babban yatsa. Ya ce in ce wa Inna kada ta bari kowa ya hau babur ɗinsa.

Litinin

Na je aiki. Na ƙirga kujeru, na manta, na sake. Darakta ta ce akwai alamun motsi ta bayan gida, in ƙara haƙuri kaɗan, bayan an sa hannu a yarjejeniyar filin komai zai yi sauƙi.

Talata

Bayan an sa hannu.

Laraba, da asuba

Nas ta kira.

Juma'a, da yamma

Takalman masu ta'aziyya sun cika ƙofar gida. Ban san Auta ya san mutane haka ba. Ɗalibansa sun zo cikin kayan makaranta, sun tsaya a jikin bango ba su san inda za su sa hannuwansu ba. An ba ni agogonsa da tabaransa a cikin leda. A takardar asibiti sun rubuta ciwon da ya daɗe yana fama da shi.

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta sa an rufe babur da zani.

Saje ma ya aiko da gaisuwa, ka ji.

Lahadi, da hantsi

Direba ya kawo furanni daga cibiya, da kati. Darakta ta rubuta da hannunta cewa zuciyarta tana tare da mu, in ɗauki hutu iya yadda nake so, wani zai ƙarasa shirin taron. Babu tambarin ofis a katin, na duba gaba da baya.

Direba ya durƙusa a gaban Inna ya yi mata ta'aziyya. Inna ta tambaye shi yaushe ne taron nan da ake ta faɗa a rediyo. Ya ce Talata da yamma. Ta ce, "Na yarinyar nan da ta zauna?" Ya ce eh, Mama. Ta gyaɗa kai.

Litinin, bayan magariba

Inna ta shigo ɗakina da mayafinta mai kyau a hannu, ta ce in goge mata. Na tambaye ta ina za ta. Ta ce, "Wurin aikinki. Ai ni ma an koya min."

Na ce gwiwarki fa, Inna. Ta ce in goge kawai.

Talata, da muka dawo

Katin aikina ya shigar da mu, ba wanda ya yi tunanin karɓe shi. Zauren ya yi kyau, ba yabon kai ba. Kyandirori a jere, furanni farare, yarinyar tana murmushi a firam ɗinta. Ministocinmu a sahun gaba, har da wanda 'yan sanda ke ƙarƙashinsa, kowa da kyandir a hannu yana kare shi daga iskar fanka.

Babban Baƙo ya iya magana, ba zan hana shi ba. Da safe ya sa hannu a yarjejeniyar filin, da yamma ga shi muryarsa har rawa take. Ya ce duk inda aka taɓa wanda ya zauna cikin lumana, su aka taɓa. Ya ce su ba sa barin nasu.

A nan Inna ta kama hannuna. Muka bi ta tsakiyar kujeru a hankali, don ba ta iya sauri. A gaban mumbarin, ƙarƙashin hoton, ta dafa kafaɗata ta sauka ƙasa, na ji ƙarar gwiwarta. Na zauna kusa da ita. Na warware hoton Auta na shimfiɗa a gabanmu, na danne gefe ɗaya da maganin shaƙar don kada ya naɗe. Muka ɗora hannuwa a kan gwiwa, muka rufe baki.

Jawabi ya tsaya. Sai ƙarar fanka.

Na ɗaga ido don in ga duniyar nan da aka ce tana kallo. Tana kallo kuwa. Mai ɗaukar hoton gidan talabijin ya sauke na'urarsa ya hau gyaran waya. Na ofishin jakadanci ya juya tasa wajen kyandirori. Jakada ya dubi hoton da ke ƙasa, ya ga hannunsa a ciki, ya mayar da idonsa kan takardar shirin taro.

Darakta ta zo ta tsuguna a gefena, tana raɗa. "'Yar'uwa, don Allah. Ba nan ba. Ba yau ba." Ban amsa ba. Malam Zauna ya ce baki a rufe.

Masu gadi biyu suka taho, yaranmu ne, kullum muna gaisawa a ƙofa. Ɗayan ya sunkuya, gumi na zuba a goshinsa. Ya ce, "Mama, ki yi wa Allah ki tashi. Za a kore mu daga aiki."

Inna ta dube shi, ba faɗa, ba ɗaga murya, amma zauren shiru yake, kowa ya ji.

"Ɗana, ba taurin kai ba ne. Zama kawai aka koya mana a gidan nan. Wanda ke ɗaga ni kuwa, ga shi nan a ƙasa."

Su biyu suka ɗaga ta, a hankali, kamar tasu uwar. Na naɗe hoton, na ɗauki maganin, na bi bayansu. Ba mu kai ƙofa ba na ji an ci gaba da jawabi, daga daidai inda aka tsaya.